Ƙyallen Rawanin Sarki a Unguwar Marina

A shekara ta goma sha ɗaya da hawan Sarki Haladu Mai Kwalkwali gadon sarautar Dunawa, ran nan da hantsi ana cikin fadanci, sai aka shigo da wani falke, ƙafafunsa sun kumbura don tafiya. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce daga Kwatarma ya fito, kuma bai zo da labari mai daɗi ba.

Kwatarma ƙasar duwatsu ce, kwana tara yamma da Dunawa. Mutanenta addinin kakanninsu suke bi, suna yi wa wani kogo da ke bayan gidan sarkinsu yanka. Tun da daɗewa akwai marinan Dunawa zaune a can, suna rininsu suna sallarsu, ba wanda ya taɓa ce musu kanzil. To, falken ya ce yanzu zance ya sake. Damina biyu a jere ruwa ya yi gardama, masu tsaron kogo suka gaya wa Sarkin Kwatarma, Ɗanbaushi, wai kogo ne ya yi fushi, don masu kai goshi ƙasa sun yi yawa, har 'yan ƙasa sun fara bin su. Aka rushe masallacin unguwar marina. Aka yi shela, duk wanda aka kama yana salla a kai shi bakin kogo, ko ya ci naman yanka ko a tura shi ciki. Kafin falken ya baro gari an tura mutum uku.

Duk fada ba wanda maganar ta soka kamar Turaki Barmo, jakadan Sarki, mutumin da ake aikawa in ana son kashe wuta da baki. Shugaban marinan nan, Malam Shu'aibu, wansa ne, uwa ɗaya uba daban. Shi ya riƙe Barmo bayan rasuwar uwarsu, da hannun nan nasa mai shuni ya ciyar da shi, har dangin ubansa suka karɓe shi suka kai shi fada. Shekara bakwai rabonsu da juna.

Galadima Ɗankande ne ya fara magana, don dama shi ba ya jira a tambaye shi. Ya ce a buga tambari, a fitar da tuta, jinin Musulmi ba zai zuba Dunawa tana kallo ba. Ya yi ta jawo ayoyi har idonsa ya kawo ruwa. Baƙo ya gan shi sai ya ce waliyyi ne. Amma ko kajin fada sun san tun kafin gemunsa ya yi furfura idonsa ke kan ramukan tama na Kwatarma, inda ake samun ƙarfen da ya fi na ko'ina. Marinan da yake yi wa kuka kuwa, ko sunan ɗaya bai sani ba.

Da ya gama, Turaki ya gurfana ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki, Allah ya ƙara wa Sarki nasara. Galadima babba ne, maganarsa babba ce. Sai dai tsakaninmu da Kwatarma kwana tara ne, tsakanin gidan Ɗanbaushi da unguwar marina kuwa ko goro ɗaya mutum ba ya cinyewa. Ranar da ya hango rundunarmu, da su zai fara. Mu je mu ci gari, mu tarar da waɗanda muka je ceto a cikin kogo? A ba ni rawani, ranka ya daɗe. In na kasa, ga Galadima ga tambarinsa."

Abin da ya roƙa ba ƙaramin abu ba ne. Al'adar Dunawa ce, in Sarki zai ba wani amana a ƙasar da ba tasa ba, sai ya kwance rawanin kansa, a yage shi, a ɗaura ƙyalle a ƙofar wanda aka ba amanar. Wanda ya taɓa gidan ya taɓa kan Sarki. Shi kansa ƙyallen ba a sa masa wuƙa, in za a cire shi sai dai a kwance da yatsu. Ɗan Dunawa ya gwammace a sare masa hannu da ya kai ƙarfe jikin rawanin sarkinsa. Sarakunan da ke kewaye duk sun san wannan al'ada, suna kuma girmama ta.

Sarki Haladu mutum ne mai taushin zuciya. Aibinsa ɗaya ne, wanda ya yi masa magana daga ƙarshe shi ne mai gaskiya. Ran nan kuwa Turaki ne na ƙarshe. Sarki ya kwance baƙin rawaninsa mai ƙyalli, wanda ma Malam Shu'aibu ne ya rina shi ya aiko, ya miƙa wa jakada a gaban kowa. Galadima ya ce Allah ya ba da sa'a.

Washegari Turaki ya fita ta Ƙofar Yamma da 'yan rakiyarsa. A bakin ƙofar akwai wata tsohuwar tsamiya da ta girmi ganuwar garin. Maƙeran Kwatarma da ke zaune a Dunawa, masu ƙera wa garin garma da takobi, a gindinta suke yankansu, kamar yadda 'yan'uwansu ke yi a kogo. Mutanen gari sukan wuce suna tofar da yawu, amma ba wanda ya taɓa hana su. Turaki na isa ƙarƙashinta, ba iska ba komai, sai wani ɗanyen reshe ya ɓalle ya faɗo gaban dokinsa. 'Yan rakiya suka ce a koma a sake rana. Ya yi dariya, ya ce su bar camfi, akwai mutanen da ke jiransa.

Da ya isa Kwatarma, kwana shida Ɗanbaushi ya shanya shi a masauki, kullum a ce Sarki na ganawa da masu kogo. A na bakwai aka kira shi. Ya tarar da wani dogon tsoho zaune kan fatar damisa, ba rawani ba alkyabba, sai awarwaron ƙarfe a hannu. Turaki ya yi magana mai tsawo, irin wadda ya iya. Ya tuna masa shekarun da ƙasashen biyu suka yi ba wanda ya ɗaga wa wani mashi. Ya ce ruwan sama ba ya ɗaukewa don wani ya kai goshi ƙasa, kuma abin da ke zuciyar mutum sarki ba ya iya cire shi ko da ya tura shi kogo. Tsohon ya bar shi har ya gaji don kansa.

Sannan ya ce, "Jakadan Dunawa, bakinka da zaƙi. Ka zo ka koya mini yadda ake barin mutum da abin da yake bauta wa. To, ni ma ina da mutane a garinku. Na ji ana jifansu in sun je gindin tsamiya, na ji manyanku na cewa a sare ta. Ga abin da zan yi. Muddin tsamiyar nan na tsaye, maƙerana na yankansu a gindinta, duk gidan da ka ɗaura wa rawanin sarkinka ba mai taɓa shi, su yi ta kai goshinsu ƙasa. Ranar da ta faɗi, amana ta faɗi. Amma fa ni ban san su ba. Hannun kowa a unguwar nan baƙi ne, da mutanena da naku. Je ka ɗaura, in san inda zan hana mutanena zuwa."

Turaki ya ji kamar an sauke masa kaya. Tsamiyar da ta haura shekara ɗari ba wanda ya kai mata gatari, wa zai fara yanzu, bayan Sarki ya ba da rawaninsa? Ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Ɗanbaushi ya lashi ƙarfe ya rantse.

A bakin ramukan rini ya sami wansa, ya tsufa, ya rame, hannun na nan baƙi har gwiwa. Suka rungumi juna. Daga baya Shu'aibu ya nuna masa yadda suke yi. Mutum zai shige tsakanin zannuwan da aka shanya ya yi sallarsa shi kaɗai, wani na tsaye bakin rami yana waƙar aiki, in ya hango dogari ya sauya waƙa. Dogaran Ɗanbaushi mutanen kan dutse ne, ba su san gida-gida ba. Maƙwabta masu bin kogo kuwa tare aka tashi, ba su taɓa nuna kowa ba.

Da Turaki ya warware rawani ya faɗi abin da ya samo, wansa bai yi murnar da ya zata ba. Ya ce, "Barmo, abin da ke tsare mu yanzu shi ne ba a san mu ba. In ka ɗaura, ka nuna mu. Ka tabbata da mutanen gida?"

"Yaya, na rantse da nonon da muka sha. Rawanin nan a gabana ya sauko daga kan Sarki. Kai ka rina shi, duba."

Shu'aibu ya shafa shi, ya gane aikin hannunsa, ya dubi ƙanensa da ya zama babban mutum, ya ce to. Da ya ce to, unguwa ta ce to.

Kwana biyu Turaki na bin ƙofa-ƙofa. Shi da kansa yake yagawa, ya jiƙa ƙyallen, ya ƙulla shi jikin itacen ƙofa, ƙulli biyu a kan juna, ya ja da iya ƙarfinsa, don in ya bushe ya kama, kada iska ko wani mai mugun nufi ya cire. Har alfahari yake da wannan ƙulli. Mutum ɗaya ce ta tare masa ƙofa, wata tsohuwa mai kaɗi da ake kira Iya Tambai, wadda duk unguwa ke tsoron bakinta. Ta ce ita ta ga sarakuna huɗu, ba ta ga wanda ya tuna da talaka bayan an kwashe tuwo ba. Ya tafi da tsummansa, Allah ya san ƙofarta ba sai an yi masa alama ba. Turaki ya yi dariya, ya ce tsufa ne. Gidaje biyu uku suka bi bayanta.

Ran Juma'a suka share kangon masallaci, suka yi sahu a fili da rana tsaka. Shu'aibu ya hau tarin ƙasar da ta rage na bango ya kira salla, rabonsa da ɗaga murya ya fi shekara. Manyan maza na kuka a cikin sahu. Turaki bai taɓa jin daɗi a ransa irin na wannan rana ba, bai kuma sake ji ba har ya mutu. Washegari wansa ya raka shi bakin gari, ya ce ya gaida gida, ya riƙa cin abinci, aikin fada ya tsotse shi.

Ran kwana tara da la'asar suka hango ganuwar Dunawa. Turaki ya yi ta kallon Ƙofar Yamma, yana jin wani abu ya sake, ya kasa gane ko mene ne. Sai da suka matso ya ga sarari ne ya yi yawa. Inda tsamiya take sai kututture, shi ma an ƙone shi, rumfunan maƙera ba kowa.

Mai tsaron ƙofa ne ya ba shi labari. Galadima ya tara jama'a bayan sallar Juma'a, ya ce da wane ido za a roƙi Kwatarma ta bar masallaci alhali ana kiwon tsafi a ƙofar Dunawa. Daga nan ya shiga wurin Sarki, ya zama shi ne na ƙarshe. Aka sare tsamiya, aka kori maƙera, suka kama hanyar duwatsu wadda ta fi kusa, shi ya sa Turaki bai gamu da su ba. Galadima bai san alkawarin da aka yi a Kwatarma ba, ba ya kuma bukatar sani. Ya san duk abin da jakada zai ƙulla a can, korar maƙera za ta warware shi. Turaki ya tambaya wace Juma'a ce. Da aka faɗa masa, sai ya sauko daga doki ya zauna a ƙasa. Juma'ar da wansa ya kira salla ce.

Ko ƙafa bai wanke ba ya shiga fada. Ya ajiye guntun rawanin da ya rage a gaban Sarki, ya ce, "Zaki, ka ba ni kanka na kai Kwatarma, na rarraba shi a ƙofofin talakawanka. Na rantse da Littafi. Mutanen da suka ɓuya shekara guda ba a gan su ba, ni na fito da su, da sunanka. Ban zo neman a hukunta kowa ba. A ba ni doki mai gudu yanzu, in koma in kwance abin da na ɗaura."

Sarki ya sunkuyar da kai, har ya buɗe baki zai ce a ba shi. Sai Galadima ya ce, cikin ladabi, jakadan da ya koma yanzu zai tona shirin yaƙi, tunda ba makawa sai an yi shi, an ma riga an aika ƙauyuka a tara dakaru. Gara Turaki ya huta, ya bi runduna. Aka sa dogarai biyu a ƙofar gidansa, wai don girmamawa. Kwana goma sha biyu aka yi ana shiri, yana zaune a zaure, ba ya ci sai an matsa masa, kunya da baƙin ciki suna cinsa.

A wani matsattsen kwazazzabo gabas da Kwatarma aka gamu. Maharban Ɗanbaushi suna kan duwatsu, suna sako kibiyoyi masu dafi, dawakan Dunawa ba inda za su juya. Ranar farko an yi wa Dunawa ɓarna ƙwarai, takubban da suka karye kuwa aka rasa mai gyarawa, tunda masu gyaran an kore su. A rana ta biyu dakarun Dunawa suka zagaya ta bayan dutse suka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta. Hayaƙi ya koro maharba zuwa fili, barade masu lifidi suka tarye su. Kafin azahar an karya ƙofar gari. Sarki Haladu ya shiga ana yi masa kirari, Galadima kuwa bai ko tsaya ba, ya wuce duba ramukan tama.

Turaki bai zare takobi ba. Yana shiga gari ya ci karo da Ɗanbaushi, an ɗauro shi daga bakin kogo, jini na bin cinyarsa. Tsohon ya gane shi, ya tsaya ya ce, "Jakada, ni na riƙe tawa rantsuwar har ranar da maƙerana suka shigo da ƙafafu jina-jina. Kai ka san wanda ya fara karyawa." Turaki ya wuce ya nufi wurin wansa.

Unguwar marina shiru. Zannuwa na nan a shanye, rana ta cinye shuninsu, ramuka sun ƙafe. Duk ƙofar da ke da baƙin ƙyalle a buɗe take, ba kowa ciki. Ya shiga gidan wansa ya fito, ya sake shiga, yana kiran "Yaya" kamar yadda yake yi yana ƙarami. Da ya fito karo na uku, sai ya ga Iya Tambai zaune a ƙofarta, abawa a hannu, ba ta kaɗin, tana kallonsa.

Ya tsaya yana jira ta zage shi. Da ta zage shi da ya ji sauƙi. Sai ta ce ya zauna, ta ba shi ruwa, ta gaya masa yadda aka yi. Washegarin isowar maƙera, da sassafe, wani maƙwabci mai bin kogo ya rugo ya gaya wa Shu'aibu dogarai na taruwa, an ce su bi ƙyalle. Ƙofofin gari a rufe, ba hanyar gudu. Shu'aibu ya fita yana bin gidaje yana kwancewa, ya fara da na tsofaffi da na matan da ba maza. Ƙullin ya bushe ya kama, ya yi ta fama da yatsu da haƙori har farcensa ya ɓalle. Wasu 'yan ƙasa da suka musulunta suka yanke nasu, suna nan da ransu. 'Yan Dunawa kuwa, da suka ga Malam da yatsu yake yi, kowa ya durƙusa a ƙofarsa yana yi da yatsu. Maƙwabta ba wanda ya nuna kowa, dogarai ƙyalle kawai suka bi, suna kwashe masu gidajen zuwa bakin kogo.

Ta ce, "Maƙwabcin nan ya miƙa masa wuƙa. Ni ma na ce, Malam, karɓi. Ya ce, Iya, rawanin Sarki ne, kuma ƙanena ne ya ɗaura. Gida huɗu ya kwance, ɗan nan. A ƙofa ta biyar suka same shi. Nasa bai ko taɓa ba."

Turaki ya tashi ya koma ƙofar wansa. Ƙullin na nan yadda ya bar shi, biyu a kan juna. Ya sa yatsu, ya ja, ya murɗa, ko motsi bai yi ba. A lokacin aka soma busa kakaki daga gidan Ɗanbaushi, ana sanar da duniya Dunawa ta ci gari. Wani dogari ya iso ya rusuna, ya ce Sarki na kira. An ba Galadima riƙon Kwatarma, shi kuma Turaki za a yafa masa alkyabba, don shi ya fara buɗe hanya.

Bai waiwayo ba. Ya zaro wuƙar da ke ƙugunsa. Dogarin ya ja da baya, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, rawanin Sarki ne."

Ja ɗaya ya yi, ƙyallen ya faɗo a tafin hannunsa. Ya tsaya yana kallonsa, hawaye na zuba a kai. Ya miƙa wa dogarin, ya ce ya kai wa Sarki, ya gaya masa abin da ya gani da idonsa, kada ya rage komai. Sannan ya wuce ƙofa ta gaba, da ta gabanta, yana yankewa yana kiran sunan mai kowane gida. Kafin masu kakaki su gama busa, ya kai ƙarshen unguwa.